Shin girman kwamfuta kaɗai ke kawo ingancin hasashen yanayi? Fashin baƙi kan manhajojin juyin igiyoyin ƙwallo

Tun bayan da aka sanar a birnin Atlanta na Amurka, a watan Nuwamba na 2024, cewa wata tawagar masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha, wato KAUST da ke Thuwal a arewa da Jidda, ta lashe kyautar Gordon Bell ta fannin kwaikwayon yanayin duniya, tambaya guda ce ke yawan dawowa a majalisun 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Jidda da Makka: shin yanzu da Saudiyya ta mallaki katafariyar kwamfuta irin Shaheen III, an wuce zamanin da ruwan sama ko tsananin zafi zai shammaci jama'a? Tambayar tana da dalili mai ƙarfi. Duk wanda yake Jidda ranar 25 ga Nuwamba 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, lokacin da ambaliya ta ci rayukan mutum fiye da 100, ko wanda ya shaida zafin Hajjin 2024 da aka rasa alhazai fiye da 1,300 a cikinsa, ba zai ɗauki maganar hasashen yanayi da wasa ba.

Sai dai akwai rashin fahimta iri biyu a cikin yadda ake tattauna batun. Na farko, aikin da ya ci kyautar ba na faɗin yanayin gobe ba ne. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, mutane sun ɗauka cewa ƙarfin na'ura shi ne komai, alhali kuwa na'ura ba ta wuce iyakar dabarar da aka rubuta mata. A tsakiyar wancan aiki na KAUST, da ma tsakiyar wasu daga cikin manyan tsare-tsaren hasashen yanayi na duniya, akwai wani lissafi da ba a cika jin sunansa ba, wato juyin igiyoyin ƙwallo, kuma saurin manhajar da ke gudanar da shi yana cikin abubuwan da ke yanke hukunci kan ko hasashe zai fito a kan lokaci ko kuwa sai bayan ruwa ya riga ya sauka.

Mene ne igiyoyin ƙwallo?

A shekarar 1822 masanin lissafi Bafaranshe Joseph Fourier ya bayyana cewa duk wani abu mai hawa da sauka, komai rikicewarsa, ana iya tsinka shi zuwa igiyoyi masu sauƙi, manya da ƙanana, waɗanda idan aka sake tara su za su mayar da shi yadda yake. Wannan yana aiki cikin sauƙi a kan miƙaƙƙen layi ko shimfiɗaɗɗen fili. Amma duniya dunƙulalliya ce, kuma layukan taswira da ke tashi daga arewa zuwa kudu, waɗanda ke da tazarar kusan kilomita 111 a kowane digiri ɗaya a tsakiyar duniya, matsewa suke yi har su haɗe a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Lissafin da aka gina a kan irin waɗannan layuka yakan rikice a can ƙuryoyin.

Maganin ya riga Fourier fitowa. Tun a shekarun 1780, Laplace da Legendre, suna nazarin ƙarfin janyowar duniyoyi, suka gano wasu siffofin igiyoyi da suka dace da jikin ƙwallo, waɗanda ɗaliban da ke karatu da Larabci suka sani da attawafuƙiyyatul kurawiyya. A nan za a kira su igiyoyin ƙwallo. Mai sassaƙa ado a jikin duma yana iya zagaya shi da zobba daga sama zuwa ƙasa, yana iya tsaga shi da layuka daga kai zuwa gindi, yana kuma iya gitta biyun ya fitar da gida-gida; haka siffofin nan suke, kuma kowannensu yana da mataki da ke nuna ƙanƙantar zanensa. Mataki na 0 shi ne matsakaicin duniya baki ɗaya. Mataki na 1 ya raba ta biyu. Yayin da mataki ke hawa, zanen ƙara ƙanƙancewa yake yi, kuma ana iya ƙiyasta tsawon igiyar ta hanyar raba kewayen duniya, kusan kilomita 40,000, da lambar matakin.

Abin da ake kira juyi shi ne aikin ɗaukar ma'aunan wurare daban-daban, misali zafin Makka da na Khartum da na Kano da sauran miliyoyin wurare, a fitar da lambobin da ke nuna gwargwadon kowace igiya a cikinsu, sannan a iya komawa daga lambobin zuwa taswira. Carl Friedrich Gauss ya yi wannan da hannu a 1839 don siffanta maganaɗisun duniya, ya tsaya a mataki na 4 da lambobi 24. Tsarin Cibiyar Hasashen Yanayi ta Turai, ECMWF, mai hedikwata a Reading ta Ingila, yana kaiwa mataki na 1,279 a yau, abin da ke nufin lambobi fiye da miliyan 1 da dubu 600 ga kowane abu guda da ake aunawa a kowane hawa guda na sararin sama.

Me ya sa lissafin yake da nauyi haka?

Masu hasashen yanayi suna son igiyoyin nan ne saboda a cikinsu lissafin motsin iska da matsinta yana sauƙaƙa ƙwarai, yana kuma fita daidai ba tare da matsalar ƙuryoyi ba. To amma gajimare da ruwan sama da hasken rana abubuwa ne da ke faruwa a wuri takamaimai, dole a lissafa su a kan taswira. Saboda haka tsarin yana kai-komo ne tsakanin taswira da igiyoyi a kowane taku. Wannan hanya ta samo asali ne a 1970 daga aikin Steven Orszag a Amurka da na Eliasen da abokan aikinsa a Denmak, kuma cibiyar Turai ta fara amfani da ita a 1983. A tsarinta mai tazarar kusan kilomita 9, an kasa sararin sama hawa 137, kuma kowane taku minti 7 da rabi ne, wato hasashen kwana 10 yana buƙatar taku 1,920, kowanne da juyin zuwa da na dawowa a kan dukan hawa-hawan.

Juyin kansa kashi biyu ne. Kashin gabas zuwa yamma ba shi da wahala sosai, domin tun 1965 Cooley da Tukey suka yaɗa wata hanya mai matuƙar sauri ta gudanar da lissafin Fourier. Kashin arewa zuwa kudu, wanda ya dogara da lissafin Legendre, shi ne ƙashin wuya. Idan aka ninka mataki sau 2 don a ga abubuwa ƙanana, aikin wannan kashi ninkuwa yake yi sau 8, kuma tunda yawanci sai an rage tsawon taku, nauyin yana iya kaiwa ninki 16. Wannan shi ne dalilin da ya sa sayen na'ura mai ƙarfi ninki biyu ba ya kawo hasashe mai kyau ninki biyu, ko kusa.

Dabarun da manhajoji masu sauri ke amfani da su

A nan ne gwanintar take, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Hanyar da za ta fara zuwa wa kowa a rai ita ce a lissafa dukan ƙimomin Legendre sau ɗaya, a adana su a jadawali, a riƙa ɗaukowa. Idan aka tsaya a mataki na 1,000, akwai siffofi kusan 500,000, da zobban taswira kusan 1,000 waɗanda ake iya wadatuwa da rabinsu tunda arewacin duniya da kudancinta madubin juna ne a wannan lissafi. Hakan ya ba da lambobi miliyan 250, masu cin wajen gigabait 2. A mataki na 2,000 jadawalin ya zama gigabait 16. Matsalar ba ta wurin ajiya kaɗai ba ce. Ƙwaƙwalwar kwamfutar zamani ta fi saurin yin lissafi nesa ba kusa ba a kan ɗauko bayani daga ma'adana, don haka sai ta riƙa zaman jira yayin da lambobi ke tahowa.

Nathanaël Schaeffer, masanin kimiyyar cikin ƙasa a Grenoble ta Faransa, ya nuna a wata maƙala ta 2013 game da manhajarsa SHTns cewa ya fi sauri a watsar da jadawalin, a riƙa sake lissafa ƙimomin nan take duk lokacin da ake buƙatarsu, ta hanyar ƙa'idar da ke fitar da kowace ƙima daga biyun da suka gabace ta. Lissafin ya ƙaru, amma jira ya ragu, sai aikin ya ƙare da wuri. Ya haɗa wannan da umarnin da ke sa ƙwaƙwalwar ta sarrafa lambobi 4 ko 8 a bugu ɗaya, da kuma tsallake yankunan kusa da ƙuryoyi inda ƙimomin wasu siffofi suke ƙanƙancewa har ba su da tasiri. A wannan shekarar ce kuma Martin Reinecke da Dag Sverre Seljebotn suka fitar da libsharp, wadda aka yi don masu nazarin tsohon hasken da ya saura daga farkon halittar sararin samaniya. Taswirorin tauraron ɗan'adam Planck, da aka harba a 2009, wasunsu suna da ɗigo fiye da miliyan 50 kowace, a bisa tsarin HEALPix na rarraba ƙwallo gida-gida masu faɗi ɗaya.

Wani abu da ya cancanci lura shi ne cewa tun 1994 Driscoll da Healy suka gabatar da hanyar da a kan takarda ta fi sauri, amma a girman da yawancin masu bincike ke aiki, hanyar da ta fi yawan lissafi takan riga ta gamawa idan an rubuta ta da sanin halin na'ura. A ganina wannan shi ne babban darasin fannin ga duk mai koyon rubuta manhaja: ƙirga yawan lissafi bai isa ba, sai an san inda bayani yake kwance da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya iso.

Akwai kuma matsalar daidaito. A manyan matakai, wasu ƙimomin farko suna ƙanƙancewa har su faɗi ƙasa da mafi ƙanƙantar lambar da kwamfuta ke iya riƙewa, sai ta ɗauke su sifili, kuma duk abin da aka gina a kansu ya lalace ba tare da wata alamar gargaɗi ba. Manhajoji masu inganci suna riƙe wani ma'aunin faɗaɗawa a gefe har ƙimomin su girma. Wanda ya rubuta tasa manhajar a gaggauce zai ga tana aiki lafiya a mataki na 500, ta ba shi shirme a mataki na 3,000.

Cibiyar Turai ta bi wata hanya dabam, domin ita tana juya ɗaruruwan taswirori a lokaci guda, don haka adana jadawali yana biya mata. Ta mayar da aikin ninka manyan jadawalai, wanda na'urori suka fi ƙwarewa a kai, ta ƙara da wata dabarar matse jadawalin da Nils Wedi da abokan aikinsa suka bayyana a 2013, sannan a 2021 ta rage tsawon lambobin da take aiki da su zuwa rabi ba tare da hasashen ya lalace ba. Manhajarta ta juyi, ecTrans, a buɗe take ga kowa, kamar yadda SHTns da SHTOOLS da ducc0 suke. Yawancin waɗannan manhajoji mutum ɗaya ne ko 'yan ƙalilan ke ɗawainiya da su, abin da ya kamata ya dami duk wanda ya san yawan binciken da ya rataya a wuyansu.

To mene ne KAUST ta yi?

Tawagar ta gina makwaikwayi ne, wato tsarin ƙididdiga da ke koyon halayyar zafin duniya daga bayanan da ake da su, sannan ya iya fitar da sababbin taswirori masu irin wannan halayya, a tazarar kusan kilomita 3.5. An horar da shi da ma'aunan zafi na awa-awa biliyan 318 da suka shafi shekara 35. Juyin igiyoyin ƙwallo shi ne ƙofar da bayanan suka bi kafin a shiga babban lissafin, wanda aka gudanar a kan manyan kwamfutoci, wato Shaheen III da kuma Frontier da Summit a Amurka, Alps a Suwizalan, da Leonardo a Italiya. Amfaninsa shi ne rage ɗimbin bayanan da cibiyoyi ke adanawa da kuma nazarin sauyin yanayi na dogon zango. Aiki ne babba da ya cancanci yabo, amma ba shi ne zai ce za a yi ruwa a Jidda ranar Alhamis ba.

Saɓanin masana kan makomar hanyar

Wasu masana suna ganin zamanin wannan hanya ya kusa ƙarewa. Hujjarsu ta farko ita ce juyin yana buƙatar kowane sashe na na'ura ya yi musayar bayani da sauran sassa a kowane taku, kuma idan sassan sun kai dubun dubata, musayar takan cinye lokaci fiye da lissafin. Hujja ta biyu ita ce igiyoyi ba sa son kaifi: inda ƙasa ta tashi ba zato, kamar hawan da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa a tsaunukan Sarawat, lissafin yakan haifar da 'yan kaɗe-kaɗen ƙarya a gefe. Da irin waɗannan dalilai hukumar yanayi ta Jamus ta koma tsarin ICON mai gidaje masu kusurwa uku a 2015, Amurka kuma ta sauya zuciyar tsarinta na GFS zuwa FV3, wanda ba ya amfani da igiyoyi, a 2019.

Masu kare hanyar suna nuni da cewa tsarin Turai har yanzu yana sahun gaba wajen inganci, kuma a 2020 an gwada shi a kan Summit da tazarar kusan kilomita 1.4 ya yi aiki. Abin da ya ƙara ƙarfafa su shi ne shigowar ƙirƙirarriyar basira. Masu binciken kamfanin NVIDIA sun nuna a 2023 cewa tsarin koyon na'ura da aka gina a kan igiyoyin ƙwallo yana daɗewa yana gudana ba tare da ya rikice a ƙuryoyi ba, suka kuma saki manhajar torch-harmonics, yayin da tsarin NeuralGCM na Google, na 2024, ya haɗa koyon na'ura da zuciyar lissafi irin ta igiyoyi. Ra'ayina shi ne ko da cibiyoyin hasashe sun bar hanyar wata rana, masu nazarin maganaɗisu da nauyin ƙasa da sararin samaniya ba su da abin da zai maye gurbinta.

Inda abin ya taɓa rayuwar yau da kullum

Wanda yake gaban Ka'aba ba ya buƙatar manhajar alƙibla, amma ɗan'uwansa a Riyad ko Gadarif ko Mai Wurno yakan buɗe waya. Kamfas ɗin waya arewar maganaɗisu yake nunawa, wadda ta ɗan kauce wa arewar taswira, kuma kaucewar tana bambanta daga gari zuwa gari, tana sauyawa da shekaru. Gyaran yana fitowa ne daga tsarin maganaɗisun duniya da hukumomin Amurka da Birtaniya ke sabuntawa duk shekara 5, na baya-bayan nan a Disamba 2024, wanda ya tsaya a mataki na 12 da lambobi 168, tare da wasu da ke nuna sauyinsu a shekara. Igiyarsa mafi ƙanƙanta ta haura kilomita 3,000, saboda haka bai san da rodin da ke cikin ginin ɗakinka ba, ko ƙarfen motar da kake ciki. Idan allurar waya ta saɓa wa mihirabin masallacin unguwa, sau da yawa ƙarfen da ke kusa ne ya ja ta.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma ta nan ake bibiyarsa. Taurarin ɗan'adam GRACE, da suka yi aiki daga 2002 zuwa 2017, da magadansu da aka harba a 2018, suna auna sauyin nauyin ƙasa, ana fitar da sakamakon wata-wata a matsayin lambobin igiyoyin ƙwallo. Wani bincike na 2015 da ya dogara da su ya sa rumbun ruwan ƙarƙashin yankin Larabawa a matsayin wanda ya fi kowanne shan matsi cikin manyan rumbunan duniya. Ma'aunin yana ganin yankuna masu faɗin ɗaruruwan kilomita ne, ba rijiyar gona ɗaya ba.

Game da ambaliya, gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce tsarin duniya mai tazarar kilomita 9 ba ya ganin abin da bai kai wajen kilomita 30 ba da kyau, alhali hadarin da ke zuba a kan Jidda, irin na 24 ga Nuwamba 2022 da aka auna milimita 179 cikin sa'o'i kaɗan, yakan tattaru a wuri ƙarami. Tsarin duniya yana nuna cewa yanayin hadari na tafe kwanaki kafin ya iso, sannan tsare-tsaren yanki da na'urorin rada su ɗora daga nan. Shi ya sa gargaɗin Cibiyar Yanayi ta Ƙasa ta Saudiyya ya fi cancantar a bi shi a kan hoton gajimaren da ke fuskar waya. Kuma tun aikin Edward Lorenz a shekarun 1960 aka san cewa ƙaramin kuskure a ma'aunin farko girma yake yi, har hasashen rana-rana ya rasa amfani bayan kusan mako 2, komai ƙarfin na'ura. Masu wannan sana'a da kansu ba sa da'awar sanin gaibu. Ƙiyasi suke yi daga alamomi, shi ya sa suke faɗinsa da kashi cikin ɗari. Amfanin manhaja mai sauri a nan shi ne tana ba da damar maimaita hasashe sau 50 da 'yan sauye-sauye a ma'aunin farko, kamar yadda cibiyar Turai ke yi, don a ga ko sakamakon ya haɗu ko ya watse.

Ga 'yan'uwanmu na Sudan, inda yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya gurgunta ayyukan hukumomi da yawa, hasashen duniya ya ƙara zama abin dogaro, kuma a 2022 cibiyar Turai ta fara sakin wani ɓangare na hasashenta kyauta. Sai dai ingancinsa a kan Kasala ko Sinnar ya dogara da ma'aunan da ke shiga cikinsa, kuma idan tashoshin ƙasa sun yi shiru, taurarin ɗan'adam ne kaɗai ke cike gurbin.

Ɗalibin lissafi ko kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ummul Ƙura ko ta Sarki Abdul'aziz ba ya buƙatar izinin shiga Shaheen kafin ya fara. SHTns da ducc0 da SHTOOLS duk ana kiransu daga harshen Python, kuma juyi a mataki na 1,000 yana kammaluwa cikin ƙasa da sakan ɗaya a kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai kyau. Lambobin tsarin maganaɗisun duniya ma a buɗe suke, kuma da su kaɗai zai iya lissafa kaucewar kamfas a Makka da Khartum da Kano, ya gwada da abin da wayarsa ke nunawa.